Orientalism da Hausa: istishraƙi, gabasanci, ko gabasantarwa?

1/
Jama'a masu Hausa a baki da alƙalami, ku matso ku taya ni. Ƙanwata tana aji uku a jami'a, an ba su aikin rubuta bayanin wani tsohon zane da Hausa, sakin layi ɗaya tak, irin wanda ake liƙawa a gindin hoto a gidan tarihi. Ta turo mini hoton ta WhatsApp bayan isha'i, ta ce: "Yaya, ya ake cewa Orientalism da Hausa? Kuma don Allah kar ka ce mini Oriyantalizim, malaminmu ya ce duk wanda ya rubuta haka sifiri zai ci." Na ce ta ba ni minti biyar. Yau kwana huɗu.

2/
Bari ku fara ganin abin da za mu raɗa wa suna. Mai zanen Bafaranshe ne, Jean-Léon Gérôme, mu ce Jerom. Ya yi shi a 1863, yanzu yana rataye a gidan adana zane-zane na garin Dayton a Amurka. Ɗaki ne mai duhu-duhu. Mace a tsaye tana rawa, ta karkatar da kai har ka ji tsoron kada wuyan ya karye, 'yan faya-fayen ƙarfe a yatsunta. Rigar shara-shara ce, sa ta da rashin sa ta duk ɗaya, wandon kuma ya zame ƙasa da cibiya. Sojoji na zaune gefe guda sun zuba mata ido, makaɗa na ɗaya gefen. Hasken ɗakin kaf a kan cikinta ya sauka. Komai an zana shi tsaf kamar hoton kyamara, har ka rantse mutumin yana zaune a wajen lokacin da abin ya faru.

Sunan zanen: Rawar Almeh.

3/
A nan na fara tsayawa, don almeh ɗin nan ba baƙuwarmu ba ce. Alima ce, jam'inta awalim. Tushenta ɗaya da ilimi da malami da ulama'u. A Masar ta wancan zamani, alima mace ce da ta ƙware a waƙa da sarrafa baiti, ta haddace ƙasidu, ana gayyatarta gidajen manya lokacin biki ana biyanta da tsoka. Cikin gida take zama wajen mata. In maza za su saurare ta, sai dai daga bayan tagar katako mai huda-huda, su ji murya ba su ga fuska ba. In za ka nema mata 'yar'uwa a Hausa, zabiya ce ta fi kusa.

Masu rawa a titi da ƙofar gida a gaban maza kuwa sunansu daban, gawazi ake ce musu. Wani Baturen Ingila, Edward Lane, da ya daɗe a Alƙahira, ya rubuta tun a 1836 cewa yawancin matafiya suna rikita su biyun, suna kiran 'yan rawa da sunan mawaƙa. Bai hana ba. A 1834 Muhammadu Ali Fasha ya hana mata rawa a bainar jama'a a Alƙahira, da yawansu suka gangara kudu, Isna da Ƙina da Luksor, sana'o'in suka ƙara cakuɗewa, Turawa masu yawon buɗe ido suka bi su can. Kafin Jerom ya ɗauki buroshi, kalmar da ke nufin mace mai ilimi ta riga ta koma mace mai buɗaɗɗen ciki a kunnen mutanen Paris.

Ku riƙe wannan, don a kansa zan gwada kowace kalma da kuka kawo.

4/
Wahalar ita ce Orientalism kaya uku ta ɗauko a kai guda. Akwai karatun Turawan da suka duƙufa kan Larabci da Farisanci da littattafan Musulunci. Akwai salon zanen da ya cika Faransa da Ingila a ƙarni na 19, bayan Napoleon ya shiga Masar a 1798 da sojoji da masana sama da 150, kuma Faransa ta kama birnin Aljiyas na Aljeriya a 1830. Sai ma'ana ta uku, wadda Edward Sa'id, Bafalasɗine malamin jami'ar Columbia, ya ɗora mata a littafinsa na 1978: cewa Turai ta ƙera wa kanta wata Gabas ta kasala da sha'awa da zalunci, wadda ba ta canzawa kuma ba ta iya magana da bakinta, sannan ta kafa hujja da ita wajen mulkar masu ƙasar. A bangon littafin ma zanen Jerom aka sa, na yaron da ke wasa da maciji.

5/
Allah ya gafarta Malam, na ga amsarka, kuma kai ne na farko: istishraƙi. Ka ce Larabawa sun riga sun gama aikin, littafin Sa'id ɗin ma da sunan aka fassara shi, me ya sa za mu tsaya ƙirƙira? Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro daga Larabci ba, kuma duk mai zuwa majalisin karatu ya taɓa jin mustashriƙai.

Amma Malam, wa mutum yake gani in ka ce mustashriƙi? Tsohon Bature mai tabarau a tsakiyar littattafai, irin su Goldziher da Schacht, masu tono a isnadin hadisi. Schacht ɗin ma har Arewa ya zo a 1950 yana nazarin yadda ake shari'a. Kalmar ta riga ta zauna a wannan ɗakin, ta shimfiɗa buzunta. Na gwada ta a kan mahaifiyarmu, wadda ba ta rabuwa da rediyo. Na ce, "Umma, in aka ce zanen istishraƙi me kika fahimta?" Ta ce, "Zanen masu sukar hadisi?" To ka ji. A bar wa ma'ana ta farko istishraƙi, ta dace da ita kamar an auna. Matar da ke rawa a gaban sojoji tana bukatar wata.

6/
Mutum uku sun ce gabasanci. Ita ce ta fara zuwa mini nima, kuma ita na fara jefarwa. Kananci, Sakkwatanci, Katsinanci, Zazzaganci, Arewanci: duk wanda ya ji gabasanci zai ɗauka karin harshen mutanen Haɗeja da Katagum ake nufi, ko wata ɗabi'a tasu. Sannan ɗafin nan na -anci yana nuna halin mai abu ne, kamar almajiranci halin almajiri. Gabasanci ke nan halin mutanen Gabas. Ka ga mun gaskata Jerom ba mu sani ba, mun ce abin da ya zana halinsu ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Gabas a wajen Bahaushe alƙibla ce. Can muke duba sau biyar a yini, can ake juya fuskar mamaci. In an ce yaro ya tafi gabas, karatun Alƙur'ani ya tafi Barno. Gabas ɗinmu da tasu ba su ko gaisa ba. Tasu ma ba ta kan taswira: Aljiyas kusan kudu sak take da Paris, Maroko kuwa yamma take da Paris ɗin, sunanta ma da Larabci Magrib, mafaɗar rana. Duk da haka mai zane Delacroix, Bafaranshe, ya je Maroko a 1832, ya biya ta Aljiyas 'yan kwanaki, ya koma gida aka ce ya zano Gabas.

7/
"Kallon Gabas" ta yi sanyi da yawa, kamar sunan shirin talabijin. "Gabas a idon Bature" bayani ne mai kyau, sai dai ba za ka iya cewa "mai Gabas a idon Bature" ba. Wanda ya ce "kuɗin goro" ya taɓo wani abu, don lallai kuɗin goro aka yi wa Baturkiya da Bamisiriya da Ba'aljeriya, duk aka mai da su mace ɗaya a kan katifa ɗaya. Zan ajiye ta don fassara stereotype, can ne gidanta.

8/
Hajiya, taki ce ta hana ni barci: leƙen turaka. Wallahi da za a ba da kyauta, ke za a ba.

Ga dalili. Ingres, wanda ake furtawa Angir, shi ne uban wannan fanni. A 1814 ya zana wata mace kwance tsirara ta juya baya, ta waiwayo tana kallon mai kallonta. Ɗankwali naɗe kamar rawani, maficin gashin ɗawisu a hannu, labule shuɗi, lofe a wajen ƙafafunta. Tana gidan tarihi na Louvre har gobe. Ƙanwar Napoleon, sarauniyar Naples, ita ta sa a yi zanen. Tun a lokacin masu suka suka ce bayan matar ya yi tsawo, kamar an ƙara mata gaɓa uku a ƙashin baya. Ba macen da Allah ya halitta haka. Shi kuwa Angir bai taɓa taka Turkiyya ko Masar ko Aljeriya ba, iyakar tafiyarsa Italiya.

Yana da shekara 82 ya gama wani, gidan wankan mata na Turkawa: mata tsirara birjik, an cusa su kamar kifi a kwando, wata na kaɗa molo, wata na rawa can baya. Ya yanke zanen ya zama da'ira, har masu sharhi da yawa suka ce kamar mai leƙe ta kafar makulli. Daga ina ya samo? Daga wasiƙun matar jakadan Ingila a daular Usmaniyya, Lady Mary Montagu, wadda ta shiga irin wannan gidan wanka da kanta a 1717. Abin dariyar, ita matar cewa ta yi ba ta ga ko murmushin banza ko motsin rashin kunya a tsakaninsu ba, hira suke yi da shan gahawa, labarin gari duk a can ake jin sa. Tsoho ya karanta wannan, ya kwafe a littafinsa, ya zana abin da ransa ke so.

Da wata Bafaranshiya mai zane, Henriette Browne, ta shiga cikin gida a Santambul da ƙafarta, ta fito da zanenta a 1861, me aka gani? Mata sanye da dogayen riguna, sun zo ziyara, ana gaisawa, ga yarinya a gefe. Irin abin da kowa ya sani in ya taso a gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaure.

9/
To me ya hana ni karɓar leƙen turaka gaba ɗaya, Hajiya? Abu biyu. Mai leƙe ya ga wani abu, ko da ta kafar asabari ne. Waɗannan yawancinsu ba su ga komai ba. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gidan Musulmi, sai ya koma Paris ya ɗauko mai zaman zane, ya biya ta, ya ɗaura mata ɗankwalin da ya sayo a kasuwar Alƙahira. Haka masu ɗaukar hoto suka yi a Aljeriya tsakanin 1900 da 1930, kamar yadda marubucin ƙasar Malek Alloula ya fallasa a 1981: a ɗakin ɗaukar hoto ake shirya matan, a yaye musu lulluɓi, a buga a kati, soja ya aika wa abokinsa a Faransa a matsayin "matan Aljeriya". In muka ce leƙe, mun ba su shaidar da ba su da ita.

Na biyu, kalmar ba ta rufe zanen yaro mai maciji da na kasuwar bayi da na mai yanke kai a ƙofar fada ba, alhali duk gidansu ɗaya. Amma ba zan yar da ita ba. Ga wannan reshe na matan cikin gida, zanen leƙen turaka ya zauna daram, kuma akwai ɗan zagi a ciki wanda ya dace da su.

10/
Ga tawa: gabasantarwa.

Hausa tana da wannan ƙira tun tuni. Musuluntar da mutum, Hausantar da kalma, zamanantar da noma, siyasantar da addini. Duk inda ka ji -antar da, akwai mai yi, akwai wanda aka yi wa, kuma abin da aka yi wa ɗin da ba haka yake ba. Kalmar da aka Hausantar ba Bahaushiya ba ce tun asali. To haka alima: tana zaune bayan tagarta tana rera baiti, aka fito da ita, aka tuɓe ta, aka gabasantar da ita.

Ku gwada a baki. Jerom ya gabasantar da matan Masar. Angir gogan masu gabasantarwa ne. Wannan gabasantacciyar mace ce, ba Baturkiya ba. A 2019 jam'iyyar AfD ta Jamus ta ɗauko zanen Jerom na kasuwar bayi, wanda wani mai rawani ke cusa yatsu a bakin baiwa tsirara yana duba haƙoranta, ta buga a allunan kamfe don tsorata masu zaɓe da Musulmi: har yau ana gabasantar da mutane. Ta ba da aikatau, ta ba da suna, ta ba da sifa. Istishraƙi ba ta lanƙwasuwa haka.

Wani ƙanina ya ce ta yi tsawo. Ƙirga: ga-ba-san-tar-wa, biyar. O-ri-yan-ta-li-zim, shida. Mun ma yi ragi.

11/
Sukar da ta fi damuna ta wata malamar zane ce. Ta ce kalmar ta yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a. Ina za ka kai Étienne Dinet, Bafaranshen mai zane da ya zauna a garin Bu Sa'ada na Aljeriya, ya musulunta ya zama Nasiruddini, ya yi aikin hajji a 1929, kuma a can Bu Sa'adar aka binne shi? Ina za ka kai Usman Hamdi Bey, Baturke da ya koyi zane a Paris a wannan salon, amma ya zana budurwa a suturce tana karatun Alƙur'ani?

Malama, kin yi gaskiya rabi. Hamdi Bey da Henriette Browne ba su gabasantar da kowa ba, kuma daɗin kalmar ke nan: tunda aikatau ce, sai an nuna wanda ya aikata. Ba tambari ba ce da za a buga wa duk wanda ya zana raƙumi. In ana son sunan salon kawai ba tare da zargi ba, a ce zanen Gabas na Turawa, ya wadatar. Dinet kuwa, Allah ya jiƙan Musulmi, amma 'yan matan ƙabilar Awlad Na'il da ya yi ta zanawa ba riga suna wasa a bakin rafi suna nan a gidajen tarihi. Kalmar shahada tasa ce, zanen kuma ya gabasantar.

12/
Saura rawar kanta, don ƙanwata ta rubuta "rawar ciki" a daftarinta na farko, na yi dariya har na ƙware. Rawar ciki a kunnen Bahaushe ai sai a nemo jiƙo. Muna da rawar sanyi, rawar ɗari, rawar jiki, rawar kai, ba ɗaya a ciki da ake yi da kiɗa.

Amma ba laifinta ba ne, fassara ta yi daidai da Faransancin, danse du ventre. Kuma ku ji inda zancen ya zagayo: a sharhin da aka yi wa wannan zanen na Jerom, bayan an baje shi a Paris a 1864, aka fara jin sunan. Baje kolin duniya na Paris a 1889 da na Shikago a 1893, inda aka gina "titin Alƙahira" na bogi aka kawo masu rawa, su suka yaɗa shi duniya. Masu abin ba da sunan gaɓar jiki suka san rawarsu ba. Raƙs baladi suke cewa, rawar gida, ta gargajiya, wadda mata ke yi a tsakaninsu ranar biki kamar yadda namu ke cashewa in an kifa ƙwarya a ruwa ana amada. Ta dandamali kuma raƙs sharƙi, wato rawar Gabas. Mu ma da kiɗa ko da masu ita muke kiran rawa: rawar kalangu, rawar Koroso, rawar 'yan tauri. Don haka rawar baladi, ko rawar Misirawa. Wanda ya ce rawar ƙugu ya fi mai rawar ciki kusa da gaskiyar motsin, amma shi ma ya bi Bature ya yanko gaɓa ɗaya ya bar matar.

13/
Odalisque, sunan da suke ba matar da ke kwance a irin zanen Angir, daga Turkanci odalık ne, oda kuwa ɗaki. 'Yar ɗaki ke nan, mai yi wa matan gida hidima. Na ji daɗi da na ga yadda ta yi kama da sa-ɗaka tamu, har na so in ce an gama. Sai dai ma'anar ta saɓa: a Santambul kuyanga ce, Faransawa ne suka mai da ita ƙwarƙwara. In ana maganar gidan Usmaniyawa na gaske, kuyanga. In ana maganar ta cikin zane, har da waɗanda Matisse ya yi ta yi a birnin Nice bayan 1920 da Faransawan mata sanye da buje irin na Turkawa, ni dai zan ce sa-ɗakar zane. Malam, in kana da wadda ta fi ta, ƙofa a buɗe take.

14/
Ga abin da ƙanwata ta miƙa da safiyar yau, bayan mun yi ta ja-in-ja a kan waƙafi:

"Rawar Alima, na Jean-Léon Gérôme, 1863. Misali ne na gabasantarwa, wato yadda masu zanen Turai na zamanin mulkin mallaka suka ƙera wa kansu matan ƙasashen Musulmi yadda ransu ke so. Alima a Masar mawaƙiya ce mai ilimi da ke waƙa a cikin gida, maza ba sa ganinta. Wadda ke cikin zanen tana rawar baladi ne a gaban sojoji."

Ta ce malamin ya ja layi a ƙarƙashin gabasantarwa da jan biro, ya sa alamar tambaya, sannan ya ce ta zo ofis ranar Litinin ta gaya masa inda ta samo ta.